Daga Wutar Biki Zuwa Kundin Doka: Tarihin Kyanwa a Faransa

Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda ba su samu saurare ba.

Yau a kan kyanwa za mu yi magana. E, magen nan dai da kuka sani. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka addabi duniya ba a ga na ɗauka ba sai mage? Ku ɗan ba ni aron kunnenku. Ni a wurina, in kana son sanin halin al'umma, to duba yadda take yi da wanda ba shi da bakin kai ƙara. A ƙididdigar 2020, kyanwoyin da ke gidajen Faransa sun haura miliyan 15, kusan ninki biyu na karnukan ƙasar. Amma kafin kyanwa ta hau kujerar falo a can, sai da ta sha wuta, ta sha wuƙar masu fata, ta shiga tukunya.

Mu fara da wutar. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, Turawa da dama sun ɗauki kyanwa, musamman baƙa, a matsayin abokiyar mayu da shaiɗan. A Paris, duk daren 23 ga Yuni akan hura gagarumar wuta a dandalin Place de Grève domin bikin Saint-Jean. Sau da yawa akan cusa kyanwoyi masu rai a buhu ko kwando, a rataya a saman wutar, jama'a na sowa. Kada ku ɗauka bikin 'yan tasha ne. A 1648 Sarki Luwi na 14 da kansa ya kunna wutar bikin, yana ɗan shekara 9. A wannan dandalin ne kuma leburori marasa aiki ke taruwa suna jiran mai ɗauka, kuma daga sunansa Faransanci ya samo kalmar yajin aiki. Ku riƙe wannan, domin leburori da kyanwoyi za su sake haɗuwa.

Wajen ƙarshen shekarun 1730, a wata maɗaba'a da ke titin Saint-Séverin a Paris, akwai yara masu koyon aiki. Ɗaya daga cikinsu, Nicolas Contat, ya rubuta abin da ya faru bayan ya girma. Yaran na kwana a wani ƙazamin ɗaki mai tsananin sanyi, su tashi tun kafin asuba, abincinsu kuwa guntun naman da ko kyanwoyin gidan sun ƙi ci. Ita kuma uwargida tana da wata kyanwa toka-toka da take ji da ita kamar 'yar cikinta. Ga muzuran unguwa sun hana yaran barci da kuka, alhali maigida na sharar barcinsa har rana ta take.

Sai wani yaro mai suna Léveillé, gwanin kwaikwayo, ya riƙa hawa rufi da dare yana kukan kyanwa daidai saitin ɗakin maigida. Bayan 'yan kwanaki maigida da matarsa suka ɗauka an yi musu asiri, suka ce a kawar da kyanwoyin, amma uwargida ta ja kunne kada a taɓa tata. To ita suka fara kashewa. Sauran kuma suka tattaro su a buhuna, suka kafa kotun wasa, suka yanke musu hukunci, suka rataye su. Ma'aikatan suka yi ta sheƙa dariya, kuma kwanaki bayan haka suna ta maimaita wasan a shago.

Masanin tarihi ɗan Amurka, Robert Darnton, ya yi nazarin labarin a littafinsa na 1984. Fahimtarsa ita ce, ma'aikatan sun ci mutuncin maigida da matarsa ne ta hanyar da ba za a iya kama su da laifi ba. Mu Hausawa muna da sunan wannan: haushin kaza, huce kan dami. Yunwar yaran gaskiya ce, zaluncin da ake musu gaskiya ne. Amma washegari maigida na nan a maigidansa, abincinsu bai canza ba, wadda ta mutu kawai ita ce ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Sai bayan kusan shekara 50, a 1789, fushin talakan Paris ya doshi fada.

Ƙarni na 19 ya zo da sauyi, amma a hankali. A 1845 aka kafa ƙungiyar kare dabbobi ta SPA, wadda har yau tana aiki. A 1850 aka yi dokar Grammont, mai hukunta wanda ya azabtar da dabbar gida. Sai dai ku ji wayon dokar: sai in a bainar jama'a ka yi. Wato idon masu wucewa ake karewa, dabbar kuwa in an rufe ƙofa ta shiga uku. Sai a 1959 aka cire wannan sharaɗin. A tsakani kuma, lokacin da sojojin Furusiya suka yi wa Paris ƙawanya daga 1870 zuwa 1871, yunwa ta sa mahauta sayar da naman kyanwa da kare da ɓera, har giwaye biyu na gidan namun daji aka yanka. Shekara goma bayan haka, a 1881, aka buɗe gidan shaƙatawa na Le Chat Noir, ma'ana baƙar kyanwa, a unguwar Montmartre. Dabbar da ake gudu saboda maita ta zama tambarin mawaƙa da masu zane. A 1899 har maƙabartar dabbobi aka buɗe a Asnières, kusa da Paris.

To, wace ce kyanwar Faransa ta asali? Ko wa ka tambaya zai ce maka Chartreux, ana furta shi kamar Shartro. Toka-toka ce mai ɗan shuɗi, gashinta mai kauri kamar ulu, idanunta ruwan lemo, fuskarta kamar mai murmushi, kuma ba ta cika kuka ba. Ana ba da labarin wai sufayen Kirista na gidan ibadar Grande Chartreuse, a duwatsun kusa da Grenoble, su suka yi kiwonta, har ta koyi shiru a wurinsu. Labari ne mai daɗi, amma babu shaidarsa a takardun gidan ibadar. Abin da ke rubuce shi ne, wani ƙamus na kasuwanci na 1723 ya ambaci sunanta, kuma dalilin ambaton shi ne masu sana'ar fata na cinikin fatarta. Kun ji fa. A matsayin haja ta shiga littafin 'yan kasuwa.

Waɗanda suka ɗaga darajarta wasu mata biyu ne 'yan gida ɗaya, Christine da Suzanne Léger. A shekarun 1920 suka tarar da irin waɗannan kyanwoyi na yawo a kusa da asibitin garin Le Palais, a tsibirin Belle-Île. Suka fara kiwonsu bisa tsari, a 1931 suka kai su baje koli a Paris. A 1933 marubuciya Colette ta fitar da littafin La Chatte, labarin amaryar da ke kishi da kyanwar mijinta, kyanwar kuma irin wannan ce. Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa ƙarar da irin, har masu kiwo suka riƙa haɗa ta da takwararta ta Ingila. A 1970 hukumar ƙasa da ƙasa ta masu kiwon kyanwa ta haɗe su a matsayin iri ɗaya. Masu kiwo suka ƙi yarda, suka kawo hujjojin tarihi, a 1977 aka sake raba su. Shi kansa Janar de Gaulle ya riƙe ɗaya mai suna Gris-Gris.

Duk da haka, akasarin kyanwoyin Faransa ba su da wata takardar asali. Faransawa na kiransu kyanwoyin indararo, kuma su ne doka ta fi shafa. Dokar 1999 ta ba magajin gari ikon kama kyanwoyin titi, a yi musu aikin hana haihuwa, a yi musu shaida, a mayar da su inda aka ɗauko su. Kyanwar da aka haifa daga 2012, in ta wuce wata bakwai, dole a yi mata lambar shaida. A 2015 kundin dokar farar hula ya amince cewa dabba halitta ce mai rai da ke jin zafi. Dokar Nuwamba 2021 kuma ta ce sai ka sa hannu a takardar alkawari, ka jira kwana bakwai, kafin ka karɓi kyanwa, sannan daga Janairu 2024 aka hana sayar da ita a kantunan dabbobi.

Me ya kawo wannan tsauri? Saboda duk lokacin hutun bazara, gidajen SPA kan cika maƙil da dabbobin da masu su suka yasar don su tafi shan iska. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ashe son abu daban, ɗaukar nauyinsa daban.

Abin da na ɗauka a tarihin nan shi ne, kyanwar 1648 da ta yau duk ɗaya ce, mutane ne suka canza. Kuma sun canza ne saboda wasu sun kafa ƙungiya, sun tara hujja, sun matsa har aka rubuta doka, suka dawo suka gyara ta bayan shekara 109. Yaran maɗaba'ar can sun fi kowa dalilin fushi, amma dariyar 'yan kwanaki kawai suka samu. Mu matasa, idan abu ya ci mana tuwo a ƙwarya, a kan wa muke hucewa? Na sama da ya jawo, ko na ƙasa da hannunmu ya iya kaiwa?

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.