Finafinan Rasha a Idon Baƙi: Daga Potemkin zuwa Masha

GABATARWA

Ran 29 ga Afrilu, 1926, aka fara nuna wa jama'ar birnin Balin na ƙasar Jamus wani fim da aka kawo daga Masko, mai suna Jirgin Yaƙi Potemkin. Labarinsa a kan boren da sojan ruwa na Sarkin Rasha suka yi ne cikin 1905, sa'ad da aka nemi tilasta musu cin ruɓaɓɓen nama. An riga an nuna shi a gida tun watan Disamba na 1925, amma talakawan Masko ba su yi rububinsa ba, don a lokacin hankalinsu ya fi karkata ga finafinan Amurka irin na Douglas Fairbanks. A Balin kuwa sai gidajen silima suka yi ta cika mako bayan mako, har sunan mai shirya shi, Sergei Eisenstein, saurayi ɗan shekara ashirin da takwas, ya game Turai.

Abin da ya faru ga wannan fim shi ne ya yi ta maimaituwa har kusan shekara ɗari. Finafinan harshen Rasha sun sami girma a ƙasashen waje, sun koyar da masu sana'ar fim na nahiyoyi da dama, amma da ƙyar suke samun kasuwa. Sa'an nan kuma, fim ɗin da baƙi ke yabo daban yake da wanda 'yan gida ke so.

ZAMANIN FIM MARAR MAGANA

Ran 27 ga Agusta, 1919, Lenin ya sa hannu a kan dokar da ta mai da sana'ar fim duka hannun gwamnati, kuma a wannan shekara aka buɗe makarantar koyon shirya fim a Masko, wadda daga baya aka sani da suna VGIK. Dalilin wannan himma a fili yake. Yawancin mutanen ƙasar ba su iya karatu ba, harsunansu kuma sun fi ɗari, amma hoto kowa ya san shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan dalili da ya sa fim ya yi amfani a ƙauyukan Rasha shi ne ya sa ya ƙetare iyaka cikin sauƙi. A wancan zamani ba magana a cikin fim, sai 'yan layukan rubutu da ake sakawa tsakanin hotuna, waɗanda za a iya sauyawa zuwa Jamusanci ko Turanci da ɗan kuɗi kaɗan.

Gwanintar Eisenstein da abokansa, irin su Pudovkin da Vertov, tana wajen yanka hotuna ne da harhaɗa su. A shahararren wurin nan na matakalar birnin Odessa, ana nuna takalman soja suna saukowa, sai fuskar wata uwa, sai keken jariri yana gangarawa shi kaɗai, kowane hoto gajere, har ran mai kallo ya ɓaci ba tare da an ce masa kome ba. Masu mulki a Turai sun gane haɗarin abin. Jamus ta fara hana fim ɗin, daga baya ta yarda bayan an yanke wasu wurare, amma aka hana sojanta kallo. Ingila ba ta ba da iznin nuna shi ga jama'a ba sai 1954, ko da yake wata ƙungiyar masu sha'awar fim ta nuna wa membobinta a Landan cikin 1929. Ya zamana hanin kansa ya zama talla. Har Goebbels, ministan farfagandar Hitler, wanda ya ƙi jinin kwaminisanci, ya yaba fim ɗin cikin 1933, ya kuma so Jamusawa su yi irinsa. A 1958, masana da aka tambaya albarkacin babban bikin baje koli na Brussels suka zaɓe shi fim mafi kyau da aka taɓa yi.

DA MAGANA TA SHIGO

Cikin 1931 aka yi fim na farko na labari mai magana a Tarayyar Sobiyet, watau Hanyar Rayuwa na Nikolai Ekk. Daga nan al'amari ya sauya. Harshen Rasha ya zama katanga. Dole ne ko dai a rubuta fassara a ƙasan hoto, abin da 'yan kallo da yawa ba sa so, ko kuwa a ɗora muryar wasu a wani harshe, abin da ke cin kuɗi. Bugu da ƙari, mulkin Stalin ya matse masu fasaha, har ya kai kowane fim sai ya dace da siyasar ranar. Alal misali, Alexander Nevsky na 1938, wanda ya nuna Rashawa suna fatattakar mayaƙan Jamus na zamanin da, an janye shi bayan yarjejeniyar Stalin da Hitler ta 1939, aka kuma komo da shi a 1941 da Jamus ta kawo hari.

A Amurka, wani kamfani mai suna Amkino, wanda Artkino ya gaje shi a 1940, shi ke rarraba waɗannan finafinai. Yawancin masu kallonsu baƙi ne 'yan asalin Rasha da 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, a cikin ƙananan gidajen silima na manyan birane. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne kawai ƙofa ta ɗan buɗe, sa'ad da ƙasashen biyu ke abokan yaƙi, har wani fim na gaskiya a kan korar sojan Jamus daga bakin Masko ya ci kyautar Oscar a 1943. Da yaƙin cacar baki ya soma, sai ƙofar ta rufe. A 1945 aka kafa hukumar Sovexportfilm don sayar da finafinai a waje, amma a ƙarshen mulkin Stalin abin sayarwar ma ya yi ƙaranci, don finafinan da ake yi a shekara sun ragu ainun.

ƘOFAR BUKUKUWA

Bayan mutuwar Stalin a 1953 aka sami sassauci. A 1958, fim ɗin Mikhail Kalatozov mai suna Gauraki Na Tashi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa. Dalilin karɓuwarsa abin lura ne. Turawan Yamma sun saba ganin fim ɗin Sobiyet cike da jarumai marasa aibi. Wannan kuwa labarin wata budurwa ne, Veronika, wadda saurayinta ya tafi yaƙi bai komo ba, ta auri ɗan'uwansa cikin baƙin ciki. Faransawa sama da miliyan biyar suka sayi tikitin kallonsa. A wannan shekara kuma Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniyar musayar al'adu, aka shirya Rashawa su karɓi finafinan Amurka goma, Amurkawa su karɓi na Sobiyet bakwai. Ashe ko a lokacin sassauci, ma'aikatan gwamnati ne ke ƙirga abin da zai ƙetare.

Daga nan bukukuwan Cannes da Venice da Balin suka zama babbar ƙofa. Ta nan Andrei Tarkovsky ya fito, da fim ɗinsa Ƙuruciyar Ivan ya ci babbar kyautar Venice a 1962. Amma tarihin fim ɗinsa na biyu, Andrei Rublev, ya nuna tsaka-mai-wuyar da hukuma ke ciki. An gama shi a 1966, hukuma ta ajiye shi don ba ta gamsu da yadda ya nuna addini da zaluncin masu mulki ba. A 1969 aka nuna shi a Cannes ba a cikin gasa ba, ya ci kyautar 'yan jarida masu sharhin fim, ya shiga gidajen silima na Faris. Mutanen ƙasarsa ba su gan shi ba sai 1971. Gwamnati na bukatar kuɗin waje da yabon waje, amma tana shakkar mutumin da ke jawo mata su. A 1984 Tarkovsky ya bayyana a Italiya cewa ba zai koma gida ba, ya mutu a Faris a 1986.

Fim ɗin da gwamnati ta tsaya wa da ƙarfinta kuwa shi ne Yaƙi da Zaman Lafiya na Sergei Bondarchuk, daga littafin Tolstoy. Kashi huɗu ne, tsawonsa wajen awa bakwai, kuma dubban sojan ƙasa ne suka fito a fagagen yaƙinsa. Ya ci Oscar a 1969, amma kafin a nuna shi a Amurka sai da aka rage tsawonsa, aka ɗora masa muryoyin Turanci.

A duk wannan lokaci, abin da Rashawa ke rububi a gida wani abu ne dabam. Fim ɗin ban dariya na Leonid Gaidai, Hannun Lu'ulu'u na 1969, ya sayar da tikiti sama da miliyan saba'in, har yau kuma Rashawa na kawo kalmominsa cikin hira kamar karin magana. Amma kusan ba wanda ya san shi a Yamma, don daɗinsa a cikin harshe yake, da kuma habaicin zaman yau da kullum da baƙo ba zai gane ba. Fim ɗaya da ya haɗa gida da waje shi ne Masko Ba Ta Yarda da Hawaye, wanda ya ci Oscar a 1981.

GABAS DA KUDU

Ba Turai da Amurka kaɗai ne waje ba. A ƙasar Sin ne finafinan Sobiyet suka sami 'yan kallo mafi yawa, kuma dalili shi ne an kawar da katangar harshe da gangan. Tun 1949 aka fara ɗora musu muryar Sinanci a birnin Changchun, cikin shekarun 1950 kuma suka cika gidajen silima. Ko bayan da ƙasashen biyu suka ɓata, finafinai biyu na tarihin Lenin suna cikin 'yan kaɗan na waje da aka ci gaba da nunawa a zamanin Juyin Al'adu.

Da Indiya kuwa cinikin ya karkata gefe guda. Awaara na Raj Kapoor, da aka kai Tarayyar Sobiyet a 1954, ya tara 'yan kallo miliyoyi barkatai, haka kuma Disco Dancer bayan shekara talatin. Finafinan Sobiyet ba su taɓa yin kusa da haka a Indiya ba. Wanda ya san gidajen silima na Kano da Kaduna ba zai yi mamaki ba, don waƙa da rawa da labarin soyayya sun ratsa zukatan Hausawa ba tare da sun ji Indiyanci ba, sun kuma yi haka ga Rashawa. Finafinan Masko ba su da wannan makami.

A Afirka, ta hanyar koyarwa tasirin ya biyo. Sembene Ousmane na Senegal ya koyi aiki a ma'aikatar fim ta Gorky a Masko cikin 1962, a hannun Mark Donskoy, ya komo ya yi Borom Sarret a 1963. Souleymane Cissé na Mali ya yi karatu a VGIK cikin shekarun 1960, fim ɗinsa Yeelen ya ci kyauta a Cannes a 1987. Abderrahmane Sissako na Muritaniya, mai fim ɗin Timbuktu, shi ma can ya yi karatu cikin shekarun 1980. Daga 1968 kuma aka riƙa yin bikin finafinan Asiya da Afirka a birnin Tashkent. Saboda haka Ba'afirken da bai taɓa kallon fim ɗin Rasha ba, mai yiwuwa ne ya kalli aikin ɗalibin Masko.

BAYAN RUSHEWAR TARAYYA

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, tallafin gwamnati ya yanke, gidajen silima da yawa suka koma kantuna, finafinan Amurka suka mamaye kasuwa. Duk da haka tsohon tsari bai sake ba. Nikita Mikhalkov ya ci Oscar a 1995. Andrei Zvyagintsev ya ci babbar kyautar Venice a 2003, kuma fim ɗinsa Leviathan na 2014, a kan wani bakanike da magajin gari ya ƙwace wa fili, ya sha yabo a waje alhali ministan al'adu na ƙasarsa yana suka. Wata sabuwar kasuwa ita ce ta masu jin harshen Rasha a tsofaffin jihohin Tarayyar da kuma baƙi mazauna Jamus da Isra'ila, amma siyasa ta rage ta, don tun 2015 Ukraine ta fara kafa dokokin hana finafinan Rasha.

Harin da Rasha ta kai wa Ukraine a watan Fabrairu na 2022 ya toshe ƙofar Yamma kusan ɗungum. Bikin Cannes ya ƙi karɓar wakilan gwamnatin Rasha, kamfanin Netflix, wanda ya fara sayen wasannin talbijin na Rasha, ya janye, Rasha kuma ta ƙi aika fim gasar Oscar a wannan shekara. A 2023 fim ɗin yara mai suna Cheburashka ya tara kuɗin da ba a taɓa tarawa ba a gida, amma a Yamma ba a ji ɗuriyarsa ba.

Abin da ya fi kome na Rasha yaɗuwa a wannan ƙarni bai bi ta hukuma ko ta biki ba. Fim ɗin zane ne na yara mai suna Masha da Beyar, wanda aka fara a 2009, a kan wata yarinya mai ƙiriniya da abokinta beyar, ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi. Kashi ɗaya daga cikinsa an kalle shi fiye da sau biliyan huɗu a YouTube. Dabbar ba ta magana ko kaɗan, yarinyar ma maganarta ba yawa.

KAMMALAWA

Daga matakalar Odessa zuwa ɗakin Masha, darasin bai sauya ba. Finafinan Rasha sun fi yin nisa a duk lokacin da hoto ya ɗauki nauyin labari, sun kuma tsaya a bakin iyaka a duk lokacin da daɗinsu ya dogara ga harshe, sai fa inda aka kashe kuɗin fassara kamar yadda aka yi a Sin. Gwamnati ta iya gina makaranta da ma'aikata, ta iya ƙulla yarjejeniya, amma zaɓen abin da baƙo zai so ya gagare ta, har sau da yawa abin da ta ɓoye shi ya jawo mata suna. Ma'aikatar Mosfilm ta zuba ɗaruruwan tsofaffin finafinanta a intanet kyauta, da yawa da rubutun fassara, ta yadda ɗalibi zai iya gwada wannan hukunci da idonsa.