Kamarawa da Maƙwabtanta: Tarihin Zama da Tashi a Kan Iyakar Gobir

Kamarawa ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, maƙwabcin Bafarawa, a cikin yankin nan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ba safai masu nazarin tarihi kan tsaya a kan irin waɗannan ƙauyuka ba, domin kuwa al'adar rubuta tarihi a ƙasar Hausa ta fi karkata ga birane da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka zauna wannan yanki tun daga ƙarni na 18, sa'an nan ta duba abin da ake nufi idan an ce "yawan jama'ar" ƙauye irin Kamarawa, inda zama da tashi suka daɗe suna tafiya tare.

Ya kamata a fara da sunan kansa. Ɗafa-ƙeyar nan ta -awa a Hausa ta jama'a ce, kamar yadda ake cewa Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa. Idan aka same ta a sunan gari, to galibi mutanen ne suka riga wurin samun suna, daga baya sunan ya zauna a kan ƙasar da suka sauka. Wannan yanki kuwa cike yake da irin waɗannan sunaye: Kamarawa, Bafarawa, Gatawa, Kurawa, da kuma uwa-uba Alƙalawa, wadda aka ce ta samo sunanta ne daga gonakin Alƙalin Zamfara inda aka sauki Gobirawa. Watau dai taswirar yankin da kanta tana shaida cewa ƙungiyoyin mutane ne suka riƙa tasowa daga wani wuri, su sari daji, su kafa gari da sunansu.

Abin da ya riƙa jawo su a fili yake, watau ruwa. A nan ne gulaben Bunsuru da Gagare, waɗanda suka gangaro daga ƙasashen Katsina da Zamfara, suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, kuma kafin a yi nisa Gulbin Maraɗi ya shigo daga arewa ta wajen Sabon Birni. Fadamun da waɗannan gulabe suka shimfiɗa suna ba manomi damar shuka gero da dawa da wake a tudu da damina, ya koma fadama da rani ya yi albasa da alkama da sauran kayan lambu. Makiyayi ma yana samun ciyawa da mashaya a lokacin da arewa ta bushe. Duk ƙasar da ke da wannan albarka a bakin Sahara ba ta rasa masu so, ba ta kuma rasa masu jayayya a kanta.

A farkon ƙarni na 18 yankin na Zamfara ne, kuma kufan Birnin Zamfara na nan a ƙasar Isa. Gobirawa sun gangaro ne daga arewa sannu a hankali, bayan zamansu a Birnin Lalle, suka sauka a matsayin baƙi. Baƙuncin bai daɗe ba. A zamanin Sarkin Gobir Babari aka ci Birnin Zamfara, wajen shekarar 1762, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. Daga nan ne Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, daga nan ne kuma Yunfa ya fita zuwa Tafkin Kwatto a 1804. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa, birnin ya watse. Cikin abin da bai kai shekara hamsin ba, ke nan, manyan birane biyu suka zama kufai a wannan ɗan tsakani. Abin lura ga mai nazarin ƙauyuka shi ne, idan birni ya faɗi mutanensa ba sa ɓacewa. Wasu su bi sarki, wasu su miƙa wuya, mafi yawa kuma su fantsama cikin daji da fadama su kafa 'yan tungaye.

Bayan faɗuwar Alƙalawa yankin ya zama bakin daga har kusan ƙarshen ƙarnin. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Gobirawan da suka ƙi saranda suka bi Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A ɗaya ɓangaren kuma Sakkwato ta bi tsarin ribaɗi, watau kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka a zaunar da jama'a ciki, su yi noma su kuma yi tsaro. Lajinge da Shinaka da Isa duk suna cikin wannan jeri, an kuma ɗora 'ya'yan gidan Bello a kansu. Sa'an nan a zamanin Sarkin Musulmi Amadu ɗan Atiku (1859–1866) wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya saɓa da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya dawo kusa da kufan Alƙalawa da yardar Sakkwato ya kafa Sabon Birni. Wannan tarihi ne ya sa har yau ake da Sarkin Gobir a Tsibiri, da Sabon Birni, da Isa, da Gwadabawa, kowanne da hujjar da ya riƙe sarautar, abin da kan rikita ɗalibin da ya shigo fagen da zaton Gobir ɗaya ce.

Ga talakan ƙauye, ma'anar wannan zamani ita ce ba a zama sai inda akwai ganuwa ko inda za a iya kaiwa ga ganuwa kafin mahaya su iso. Ƙauyukan da ke kewaye da Isa da Sabon Birni sun rayu ne a inuwar waɗannan garuruwa: can ne mafaka, can ne kasuwa, can ne alƙali. In an sami lafiya a bazu cikin gonaki, in ƙura ta taso a tattaru.

Zuwan Turawa ya sauya wannan lissafi ta fuska biyu. Ta farko, an ja iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, aka gyara shi a 1904 da 1906, sa'an nan hukumar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna a hannun Ingila, aka raba dangi ɗaya gida biyu. Ta biyu, hare-hare sun tsaya bayan cin Sakkwato a 1903, jama'a suka fita daga ganuwa suka cika dazuzzukan da a da ba mai iya kwana cikinsu. Iyakar kuwa ba ta hana kowa wucewa ba. Mutanen ƙasar Faransa sun riƙa ƙetarowa don gudun aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, haka kuma yunwar 1913–1914 da ake kira Kakalaba, da farin 1973 da na 1984, kowanne ya koro mutane da dabbobi daga arewa zuwa fadamun Rima. Wasu sun koma da damina ta kyautata, wasu sun sami gona da aure sun zauna.

A nan ne batun ƙidaya ya shigo. A zamanin En'e, wanda ya fi kowa sanin yawan mutanen ƙauye shi ne dagaci da masu unguwanninsa, domin su ke rubuta sunayen masu biyan haraji kowace shekara, su kuma ƙirga shanu don jangali. Lalle wannan lissafi yana da aibu: baligai maza kawai yake kamawa, kuma kowa ya san yadda samari kan yi ɓatan dabo idan malamin haraji ya doso. Amma duk da haka lissafi ne na ƙauye-ƙauye, gida-gida, wanda ake sabuntawa. Da aka fara soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, sauran jihohi suka bi sahu daga baya, talaka ya huta da wani nauyi, amma wannan rajista ta mutu ba a kuwa maye gurbinta da wata ba.

Abin da ya rage shi ne ƙidayar ƙasa, ita kuwa tarihinta sananne ne. Ta 1963 ta jawo gardama, ta 1973 an soke ta ɗungum. Ta 1991 ce ta fitar da alƙaluma har zuwa matakin gari da ƙauye. Ta 2006 ta tsaya a matakin ƙaramar hukuma: alƙalumanta na farko sun ba Isa mutum 146,103, Sabon Birni kuma 207,599. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk wanda ya ba da adadin mutanen Kamarawa ko Gebe ko Gatawa a yau, hasashe yake yi a kan lissafin da ya haura shekara talatin, yana ƙara masa wani kaso a kowace shekara kamar dai jama'ar na zaune wuri ɗaya suna haihuwa kurum.

Ga kuma wata matsala da ba a cika kulawa da ita ba. An yi ƙidayar 2006 ne a watan Maris, tsakiyar rani, kuma ƙa'idarta ita ce a ƙirga mutum a inda aka same shi. Watan Maris kuwa shi ne lokacin da majiya ƙarfin ƙauyukan gabashin Sakkwato suke wajen cin rani. Wannan ba sabon abu ba ne, tun a ranin 1952–1953 masanin nan Prothero ya yi nazarin yadda maza ke fita daga Lardin Sakkwato zuwa kudu da Gwalkwas bayan an kawar da amfanin gona. Ƙauyen da aka ƙirga a Maris daban yake da wanda za a tarar a Agusta ana tsakiyar noma. Ɗayan na tsofaffi ne da mata da yara, ɗayan kuwa shi ne cikakken garin. Dagacin da ya san kowane gida zai ƙirga ɗan cin rani a cikin mutanensa, ma'aikacin ƙidaya kuwa zai bar wa Legas ko Fatakwal shi.

Tun daga 2019 wani sabon tashi ya zo wanda ya shafe waɗannan duka. Hare-haren 'yan bindiga da suka faro daga Zamfara sun bazu zuwa Isa da Sabon Birni. Kafin ƙarshen wannan shekara Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labarin mutum sama da 40,000 da suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, akasarinsu mata da yara, da yawa kuma a ƙauyukan Gidan Runji suka sauka, wajen dangi. A watan Mayu na 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙasar Sabon Birni. A Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi a watan Agusta. A Mayu na 2025 kuma kafofin labarai suka ruwaito cewa mutanen Bafarawa da Kamarawa da wasu ƙauyukan kusa sun bar gidajensu bayan barazanar Bello Turji, ana dab da faɗuwar damina.

Mai karatun tarihi zai ga kama tsakanin wannan da ƙarni na 19: an bar gonakin nesa, an tattaru a Isa da Sabon Birni da Shinkafi, hanya ba ta biyuwa sai da rakiya. Amma kamar ba ta kai ko'ina ba. Ribaɗi hukuma ce ta gina shi, ta ba wanda ya shigo gona da kariya. Mai gudun hijirar yau a makarantar firamare yake kwana ko a zauren ɗan'uwa, gonarsa kuwa tana can inda ba ya iya zuwa. Hanyar ma ta juya: kakanni sun gudo daga ƙasar Faransa zuwa Rima, jikoki suna gudu daga Rima zuwa Maraɗi.

Daɗin daɗawa, harajin da gwamnati ta bari wasu sun ɗauka. Tun 2021 ake ba da rahoton yadda 'yan bindiga ke aza wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa kuɗi kafin a bar su su yi noma ko girbi, har aka ce a Gangara da Makwaruwa sun naɗa nasu masu gari. Kuɗin da aka aza wa gari kuwa sai an raba shi gida-gida kafin a tara, watau sai an zauna an ƙirga magidanta, da wanda ke nan da wanda ya tashi, kamar yadda dagaci ke yi a zamanin En'e.