Dogo da Gajere: Tarihin da ke Cikin Kalmomin Girma

Duk wanda ya taso daga Kwamba ya nufi Madalla, da zarar ya yi arba da Dutsen Zuma, kalmar da za ta fara zo masa ita ce ƙato ko babba. Haka nan a tarihin wannan masarauta, Abu Kwaka, wanda ya gaji Abu Ja da ya kafa Abuja a 1828, wato Suleja ta yau, da laƙabin Dogon Sarki aka fi saninsa. Kullum irin waɗannan kalmomi suna bakinmu, amma ba safai mukan tambayi asalinsu ba, alhali kuwa suna cikin kalmomin da harshe ba ya saurin sakewa, don haka sukan adana tsohon tarihi.

Domin mu ga yadda ake tono wannan tarihi, bari mu leƙa harsunan Silabiya na gabashin Turai, irin su Rashanci da Sabiyanci. Tun daga 1786, lokacin da William Jones ya bayyana a Kalkata cewa Sanskirit na Indiya da Girkanci da Latin tsatsonsu ɗaya, masana suka duƙufa ga kwatanta harsunan wannan babban gida na Indiya da Turai. Alal misali, a Rashanci ana ce wa abin da ya daɗe ko ya yi tsawo dolgii, a Girkancin da dolikhos, a Sanskirit kuwa dirgha. Hujjar masana a nan ita ce tsarin sauyin sauti. Inda Silabiya da Girkanci suke da l, sau da yawa r ake tararwa a Sanskirit, kamar yadda slovo, wato kalma, ta dace da shravas. Da wannan ma'auni ne aka danganta bolshoi, wato babba, da bala ta Sanskirit mai nufin ƙarfi, aka kuma mai da korotkii, wato gajere, ga saiwar da ke nufin yankewa.

To, a nan ne tarko yake. A Sabiyanci ana ce wa mai tsawo dug. Ɗalibi mai zumuɗi zai ce ai ga dogo tamu nan. Amma tarihin Sabiyanci ya nuna cewa u ɗin nan tsohon l ne da ya rikiɗe, kamar yadda vlk, wato kyarkeci a harshen Cek, ya zama vuk a wurinsu. Ke nan kamar da ke tsakanin dug da dogo dace ce kawai. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Hausa kuwa gidanta daban. Joseph Greenberg ya tabbatar da harsunan Cadi a cikin zuriyar Afirka da Asiya a 1963, sannan Paul Newman da Roxana Ma suka fitar da tsarin dacewar sautukansu a 1966. Ko a cikin Hausar kanta akwai abin lura. Saiwar ƙan tana cikin ƙanƙane da ƙanana da ƙane da ƙanwa, wato ƙanƙantar jiki da ta shekaru abu guda ne a wurin Bahaushe. Kalmar girma kuma ta haɗa jiki da shekaru da daraja. Bugu da ƙari, duk da daɗewar cuɗanyarmu da Larabci, Kabiru da Sagiru a sunayen yanka suka tsaya, ba su ture babba da ƙarami ba.

Abin da ya ba masanan Turai sa'a shi ne tsofaffin rubuce-rubuce, domin an fara rubuta harshen Silabiya tun ƙarni na 9. Mu shaidunmu suna bakin mutane. Gwandara, harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa, ana jin sa a Karshi da wasu garuruwan Jihar Nasarawa, ba nisa da Suleja, kuma Hausa tana ta mamaye bakin matasansa. Duk tsohon da ya rasu a can ba a ɗauki maganarsa ba, ya tafi da wata hujja ta asalin dogo da gajere. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri, musamman 'yan Kwamba da kewaye, da su ɗauki na'urar ɗaukar magana su tafi Karshi tun dattawan suna raye.