Rumbu da mabuɗinsa: tarihin tirehalos da tirehalas

1/ Jama'a, a kwarmin duwatsun arewacin Najeriya akwai wata tsutsa da ke bushewa ƙayau kamar ƙaiƙayi, ta yi shekaru a haka, in ruwa ya taɓa ta kuma ta farfaɗo. Sirrin yana cikin wani sukari da wani enzayim. Ga tarihinsu. Zare 🧵

2/ Sunayen biyu sun yi kama, a kula. TirehalOS sukari ne: gulukos biyu da aka ɗaure wuri guda. TirehalAS kuwa enzayim ne da ke tsinke ɗaurin, gulukos ɗin ya fito jiki ya ƙona. Ku ɗauki na farko a matsayin rumbu, na biyu mabuɗinsa.

3/ Rumbun aka fara gani. A 1832 wani masani Bajamushe, Wiggers, ya tsamo wannan sukari daga wata cuta da ke kama zangarniyar hatsin rai, mai kama da burtuntunar dawa. A lokacin babu wanda ya san amfaninsa ga mai rai.

4/ A 1859 Marcellin Berthelot na Faransa ya same shi a wani wuri na daban: wani ƙwanso mai zaƙi da wani ƙwaro ke ginawa a jikin ƙaya a yankin Iran da Turkiyya. Ana kiran ƙwanson tirehala. Daga nan sunan ya samo asali. Wato tun ranar suna ƙwari na cikin maganar.

5/ Mabuɗin ya bayyana a 1893, lokacin da Émile Bourquelot ya gano tirehalas a cikin baƙar funfuna. Bayan shekara 2, Emil Fischer ya same shi a yis. Daga nan aka shafe kusan shekara 60 galibi ana yi wa abin kallon harkar funfuna da yis.

6/ Sai tsakiyar shekarun 1950 labari ya sauya. A Amurka, Wyatt da Kalf suka nuna cewa babban sukarin da ke yawo a jinin ƙwari da yawa ba gulukos ba ne irin namu, tirehalos ne. A Ingila kuma Howden da Kilby suka same shi a jikin farin ɗango.

7/ Me ya sa ƙwaro ya zaɓi wannan? Gulukos ba ya zama lafiya: in ya yi yawa a jini yana manne wa furotin ya lalata shi, abin da masu ciwon suga suka sani ke nan. Tirehalos ba ruwansa da wannan rigima. Sai ƙwaro ya tara shi da yawa ba tare da ya cutu ba.

8/ To amma rumbu a kulle ba ya maganin yunwa. Idan fara za ta tashi, tirehalas ɗin da ke tsokar fukafukanta ne ke fasa sukarin nan take. Da shi take fara tafiya, bayan kamar minti 30 sai ta koma ƙona kitse. Garken farin da ke cinye gona, da wannan mabuɗi yake barin ƙasa.

9/ Ba tashi kaɗai ba. Ɓawon jikin ƙwaro ma daga gulukos ɗin da tirehalas ya saki ake gina shi. In aka toshe enzayim ɗin, saɓa kan gagari tsutsa, ko ta fito a nakashe.

10/ Yanzu mu dawo gida. A 1951 H. E. Hinton na Jami'ar Biristol ya bayyana wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro, amma ba ya cizo. Ya sa masa suna Polypedilum vanderplanki, don girmama Vanderplank, Baturen da ya samo tsutsarsa a kwarmin duwatsun arewacin Najeriya.

11/ Idan kwarmin ya fara ƙafewa, tsutsar kan tara tirehalos har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na busasshen nauyinta. Sukarin ya maye gurbin ruwa, ya daskare kamar gilashi, ya riƙe komai na cikin jiki a mazauninsa. An taɓa farfaɗo da ita bayan shekara 17. Ikon Allah.

12/ Ina tirehalas a nan? Shi ne mai haƙuri. Lokacin bushewa yana nan a jiki amma bai taɓa rumbun ba. Ruwa na sauka ya kama aiki, ya mayar da gilashin abinci. Cikin kamar awa guda tsutsa ta fara motsi. Da ya buɗe kafin lokaci, ai da ta mutu tun a rani.

13/ Masanan Japan, ƙarƙashin Takashi Okuda, su suka zurfafa wannan bincike, da tsutsotsin da aka ɗebo daga Najeriya. Har waje da tashar sararin samaniya aka kai su, aka dawo da su, aka zuba ruwa suka tashi.

14/ Japan ɗin dai ce ta fara cin moriyar toshe mabuɗin. A farkon shekarun 1970 kamfanin Takeda ya fito da validamaisin daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Yana hana tirehalas aiki, sai funfunar da ke ruɓar da karan shinkafa ta kasa yaɗuwa. Har yau manoman Asiya na fesa shi.

15/ Mu ma fa muna da shi, a ƙaramin hanji da ƙoda. Wanda nasa ya gaza, in ya ci naman kaza sai kumburin ciki da zawo. Ba kasafai ake samun haka ba, amma a Girinlan an samu kusan mutum 8 cikin 100.

16/ Matsalar da ta rage: zuma ma da tirehalas take tashi, kamar yadda fara ke yi. Duk maganin ƙwarin da za a gina kan toshe shi, dole ya bambance mai ɓarna da mai amfani. Nan masu bincike suke fama yanzu.

17/ Tsutsar nan a duwatsunmu take, amma yawancin abin da aka sani game da ita a Biristol da Japan aka rubuta shi. 'Yan uwa ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, in damina ta ɗauke ku leƙa kwarmin dutsen garinku kafin ya ƙafe.