Hoton Kano na 1851: Wa Ya Zana Shi?

Wataƙila ka taɓa cin karo da shi a Facebook: tsohon hoton birnin Kano daga saman Dala, ga gidajen ƙasa, ga itatuwan dabino. Sau da yawa akan rubuta a ƙasansa wai "hoton Kano na farko". To ka sani, ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, zane ne. Wanda kuma ya ƙawata shi da launi bai taɓa taka Kano ba.

Ga yadda abin ya faru. A watan Fabrairun 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Kano ta Hamada. Ya hau Dala ya zana abin da ya hango a littafinsa. Bayan ya koma Turai a 1855, sai aka miƙa zane-zanensa ga Johann Martin Bernatz, wani mai zane a birnin Munich da ya taɓa yawo a ƙasar Habasha. Shi ya mayar da su hotuna masu launi da aka buga a littafin Barth mai juzu'i 5, tsakanin 1857 da 1858.

Taswirorin littafin ma haka suke. Barth yana tafe da agogo da kamfas, yana rubuta alƙiblar da ayari ya fuskanta da tsawon lokacin da aka yi ana tafiya. In ka san saurin raƙumi, ka san awa nawa ya yi, ai ka ƙiyasta nisa ke nan. Daga waɗannan lissafe-lissafe August Petermann ya haɗa taswirorin a Turai.

To wuraren da Barth bai je ba fa? Nan ne abin ya shafe mu. Bai je Zariya ba, amma littafinsa ya jero zangon hanyar daga Kano, ta Madobi da Bebeji. Wa ya faɗa masa? Fatake da matafiya, waɗanda suka haddace hanya da kwanaki: kwana ɗaya zuwa gari kaza, kwana biyu zuwa rafi kaza. Taswirarsu a ka take, shi kuwa ya saukar da ita a takarda.

Saboda haka in hoton nan ya sake zuwa gabanka, kada ka yar da shi, domin shaida ce ta wanda ya tsaya a Dala da ƙafarsa. Amma kada ka ƙirga dabinon ciki ka ce adadinsu ke nan a 1851, tunda hannu biyu zanen ya bi kafin ya iso gare ka. In kuwa ka ga Bebeji a tsohuwar taswirar, ka tuna daga bakin fatake sunan ya fito, ko da yake ba sunansu aka buga a bangon littafin ba.