Takardar Jagoran Masu Zaɓe a Amurka

A Amurka, takardar ƙuri'a ba ta tsaya kan shugaban ƙasa da gwamna ba. Can ƙasa akwai alƙalai, da mambobin hukumar makarantu, da mai gabatar da ƙara na gunduma, ga kuma dokokin da ake neman jama'a su ce i ko a'a a kansu. Shi ya sa gab da zaɓe jaridu da ƙungiyoyi suke fitar da takardar jagora, mai cewa a zaɓi wane, a ƙi doka kaza.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ba a bukatar irin wannan takarda. Kowace jam'iyya ita ke buga tata ƙuri'ar da sunayen 'yan takararta, mutum ya karɓa a bakin rumfa ya jefa sak, idon 'yan jam'iyya na kansa. Sayen ƙuri'a ya zama ruwan dare. A 1888 jihar Masachusets ta yi dokar ƙuri'ar sirri irin ta Ostareliya, wadda hukuma ke bugawa da sunan kowa da kowa, sauran jihohi suka bi sahu cikin 'yan shekaru. Gyara ne mai kyau, amma ya bar mai zaɓe shi kaɗai a gaban sunayen da bai taɓa ji ba.

Birnin Shikago ne ya nuna yadda za a cike wannan giɓi. A 1896 wasu 'yan gari da cin hancin kansiloli ya ishe su suka kafa Ƙungiyar Masu Zaɓe ta Birni. Aikinta shi ne bin diddigin kowane kansila, yadda ya jefa ƙuri'a a majalisa, musamman kan kwangilar motocin tarago, sannan ta ba jaridu su buga tare da hukuncinta: wannan a mayar da shi, wancan a kayar da shi. Da yawa daga waɗanda ta ɓata sun rasa kujerunsu.

Sai kuma kaya ya ƙara nauyi. Dakota ta Kudu a 1898, da Oregon a 1902, suka ba jama'a ikon tara sa hannu su kawo doka gaban masu zaɓe. Kalifoniya ta biyo baya a 1911 a zamanin Gwamna Hiram Johnson, don karya ƙarfin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific da ya mallake majalisar jihar. A zaɓen 1914 dokoki 48 aka jera wa mutanen Kalifoniya. Babu manomi ko ma'aikacin da zai karance su duka ya fahimta.

Ƙungiyar Mata Masu Zaɓe, wadda Carrie Chapman Catt ta kafa a 1920, ta ɗauki hanyar da har yau ake girmamawa: ba ta goyon bayan ɗan takara, tambayoyi take aika musu ta buga amsoshinsu, amma takan faɗi matsayinta kan dokoki. Ƙungiyoyin lauyoyi kan auna cancantar alƙalai. Coci-coci da ƙungiyoyin agaji da aka yafe wa haraji, dokar 1954 ta hana su tallata ɗan takara, amma ba ta hana su magana kan dokokin raba gardama ba.

Inda aminci ya tara jama'a, kuɗi kan biyo sawu. A Kalifoniya an sami 'yan kasuwa masu aika katunan shawara ta gidan waya, da sunaye masu kama da na jam'iyya ko na ƙungiyar 'yan sanda, alhali ɗan takara biya yake yi a sa sunansa. Dokar jihar ta tilasta sanya alamar tauraro a gefen sunan duk wanda ya biya, sai dai ba kowa ke lura da ita ba. Wannan kasuwanci cin amana ne, domin galibi kan ƙananan kujeru ake yin sa, inda mai zaɓe ba shi da wata madogara.

Durƙushewar jaridun ƙananan garuruwa ta ƙara dagula lamarin, tunda editocinsu ne suka saba zaunar da 'yan takarar hukumar ruwa da ta makarantu su yi musu tambayoyi. A garuruwan da jaridar ta rufe, aikin ya koma hannun ƙungiyoyin ƙwadago, da rassan jam'iyyu, da masu sayar da gurbi a katunansu.