Tarihin hukuncin wanda ya karya alkawalin ciniki

Yau hirarmu a kan tarihin shara'a take. Ga misali: wani ɗan kasuwa ya biya manomi kuɗin buhu 10 na gujiya tun damina. Kaka ta yi, manomi ya saida gujiyar ma wani. Mi shara'a ke yi? Amsar tana da tarihi mai tsawo a ƙasarmu.

Kafin zuwan Nasara, alƙalai na manyan birane kamar Damagaram suna hukunci da littattafan mazhabar Maliki, irin su Risala da Muhtasar na Halil. Mai ƙara shi ke kawo shaidu. In ba shi da su, wanda aka yi ƙara ya rantse. In hakki ya tabbata, alƙali ya tilasta a bada kaya. Wanda ya sayi kaya ya tarda aibin da aka ɓoye mashi, yana iya maida su ya karɓi kuɗinshi. Mai bashin da ke da hali ya ƙi biya, ana tsare shi. Wanda talauci ya hana, ana jinkirta mashi.

Faransawa sun kama Zinder a 1899. A 1903 suka tsara gidajen shara'a na ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, inda aka ci gaba da bin al'ada. Su kuwa suna da nasu kundin doka, wanda aka fitar a 1804, zamanin Napoleon. Kundin ya ba wanda aka cuta zaɓi biyu. Ko ya nemi a tilasta abokin cinikinshi ya cika alkawali, in hakan na yiwuwa, ko ya nemi a warware ciniki, a biya shi diyya. Diyyar ta haɗa hasarar da ya yi da ribar da ta kuɓuce mashi. Tun 1867 kuma Faransa ta daina kulle mutum don bashin ciniki. Dukiyarshi ake kamawa a saida.

Da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ta gaji wannan kundi, amma ba ta yada al'ada ba. Sarakuna da masu gari sun riƙe aikin sulhu, in sulhu ya faskara a tafi gaban alƙali.

A 1993 Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a Port-Louis, don dokar kasuwancinsu ta zama ɗaya. Babban gidan shara'arta yana Abijan. A 1998 aka fito da gajeriyar hanya: wanda ke bin bashi tabbatacce, in ya nuna takardunshi, alƙali na iya bada umurnin biya. Wanda ake bi kuma yana da ƴan kwanaki na kawo musu.

To, mu koma ga ɗan kasuwarmu. A kowane zamani yana da hakki, amma sai ya tabbatar da shi. Da, shaidu ne hujjarshi. Yau takarda ta fi ƙarfi. Saboda haka in za ku ƙulla ciniki, ku rubuta yawan kaya, da kuɗi, da ranar bayarwa, ku sa hannu gaban shaidu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.